Windows, macOS ko Linux: Wacce Ya Dace Ka Damƙa wa Aikinka?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita ba su mutu ba, suna kunnuwa, suna aiki yadda suka saba. Abin da ya sauya shi ne duk kafar da masu kutse suka gano daga wannan rana ba mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma ga kwamfutar gida iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM gigabayit 4, da faifan ajiya gigabayit 64, da masarrafar Intel ta zubi na takwas ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan tsiraru da aka ware. Ke nan kwamfuta mai Core i7 ta 2016 ko farkon 2017, wadda lafiyarta ƙalau, an ce ta tsaya a bakin ƙofa.

Wannan ya tilasta wa mutane da yawa tambayar da ba su taɓa yi ba: wace babbar manhaja ce ta fi, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, tsakanin Windows da macOS da Linux? Ni a ganina, muhawarar da ake yi a kai yawanci goyon baya ne irin na 'yan ƙwallo, kowa na kare abin da ya saba da shi. Abubuwa uku ne ke raba gardama. Shin kwamfutarka za ta ci gaba da samun facin tsaro, kuma har zuwa yaushe? Wa aka bai wa damar taɓa cibiyar manhajar? Idan abu ya lalace, a cikin awa nawa za ka dawo kan aikinka? A kan waɗannan na ginu, kuma matsayina shi ne: ga wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu da lissafi da bidiyo ba, Linux mai dogon wa'adi ta fi Windows 10 da aka daina kula da ita nesa ba kusa ba, ta kuma fi jefar da kwamfuta mai lafiya. Amma wannan hukunci yana da iyaka, kuma zan faɗi iyakarsa.

Mu fara da ƙarko, wato kwamfuta ta yi aiki ba ta sanƙare ko ta kashe kanta ba. Dukkan ukun nan cibiyarsu, wadda masana ke kira kanel, ta yi ƙwari matuƙa a yau. Abin da ya fi kayar da su shi ne direba, ƙaramar manhajar da ke haɗa babbar manhaja da katin hoto ko na Wi-Fi ko firinta. Direba sau da yawa yana aiki ne a cikin cibiyar kanta, don haka kuskurensa ba ya tsayawa a kansa, kwamfutar gaba ɗaya yake ja ƙasa.

Ba a taɓa ganin wannan a fili kamar ranar 19 ga Yuli 2024 ba. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani fayil na sabuntawa mai kuskure ga manhajarsa ta Falcon. Direban manhajar yana zaune a cibiyar Windows, kuma yana tashi tun farkon kunnuwa. Da ya karanta fayil ɗin sai ya faɗi, kwamfutar ta nuna shuɗin allo, ta sake kunna kanta, ta sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu Windows, amma a cikinsu akwai na filayen jirgin sama da asibitoci da bankuna. Gyaran ba wuya a baki: a kunna kwamfutar a yanayin Safe Mode, a shiga babban fayil na CrowdStrike da ke cikin System32\drivers, a goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291. Wuyar ita ce sai mutum ya je gaban kowace kwamfuta da ƙafarsa, kuma wadda aka kulle faifanta da BitLocker, makullin bayanai na Windows, sai an shigar da mabuɗin ceto mai lamba 48. Wasu ma'aikatun kuwa mabuɗan nasu suna cikin sabar ma'aikatar, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, wadda ita ma ta faɗi.

Laifin na CrowdStrike ne, amma ƙofar ta Windows ce. Apple ya fara rufe irin wannan ƙofa tun macOS Catalina ta 2019, inda ya tura manhajojin tsaro su yi aikinsu a wajen cibiya, ta yadda idan ɗaya ta faɗi ita kaɗai za ta faɗi. Wannan tsari ya fi, kuma ya kamata a ce an fi haka yaba masa. Linux ba ta kuɓuta ba a nan, domin manhajar kamfanin nan ta taɓa kayar da wasu sabobin Linux watanni kaɗan kafin wannan rana, sai dai abin bai yaɗu ba.

Sabuntawar Windows kanta takan zama tushen matsala. A Oktoba 2018 sai da Microsoft ya janye zubin 1809 na Windows 10 bayan ya goge fayilolin wasu mutane. Dalilin irin wannan ba sakaci kaɗai ba ne. Windows tana gudana a kan na'urorin ɗaruruwan kamfanoni masu haɗe-haɗen kayan da ba wanda zai iya gwada su duka. Mai amfani da ita ya san abu biyu: facin tsaro na wata-wata, wanda ke fitowa Talata ta biyu ta kowane wata, kada a jinkirta shi fiye da 'yan kwanaki. Babban sauyin zubi kuwa na shekara-shekara, ba laifi a bar shi ya yi wata ɗaya ko biyu a hannun wasu. Idan an ɗora shi ya kawo matsala, kwana goma ne kawai ake da su a koma na baya kafin Windows ta goge tsohon.

Mac ta fi su duka ƙarancin irin wannan ciwon kai, kuma dalilin a fili yake: kamfani ɗaya ke ƙera na'urar da manhajar, samfuran kuma ba su da yawa. Tun zuwan masarrafar M1 a Nuwamba 2020, barci da farkawa da daɗewar batir sun zama abin da sauran ke ƙoƙarin kamowa. Sai dai ƙarkon nan yana da farashi da ba a cika faɗa wa mai saye ba. RAM ɗin a haɗe yake da masarrafa, ba a ƙara shi har abada. A kwamfutocin MacBook faifan ajiyar ma a liƙe yake da babban allon na'urar, idan allon ya mutu ba a ciro faifan a sa a wata kwamfuta a kwashe bayanai. Saboda haka wanda ke da Mac bai kunna Time Machine, manhajar Mac mai adana kwafin bayanai, a kan faifai na waje ba, ya fi mai tsohuwar kwamfutar tebur zama cikin haɗari. Kuma Apple ma yana yanke wa'adi: yawanci zubi uku na baya-bayan nan yake yi wa faci, ya kuma sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga Mac masu masarrafar Intel.

Linux ba abu ɗaya ba ce, kuma nan ne masu sukarta da masu yabonta suke yawan kuskure. Akwai irin Arch da ke sauyawa kullum, akwai Fedora da kowane zubinta ke rayuwa kimanin wata 13, akwai kuma Debian da Ubuntu LTS da Linux Mint, waɗanda ke riƙe tsari ɗaya shekaru suna toshe kafofi kawai. Ubuntu LTS tana fitowa a Afrilun kowace shekara biyu, da kulawar shekara biyar. Ga mai neman kwanciyar hankali, waɗannan na ƙarshe kaɗai nake nufi idan na ce Linux. Suna da abubuwa biyu da nake ganin sun fi na Windows. Na farko, idan sabon kanel ya ƙi jituwa da na'urarka, tsohon yana nan, ka zaɓe shi daga GRUB, jerin zaɓin da ake iya buɗewa lokacin kunnawa, ka ci gaba da aiki. Na biyu, Timeshift da ke zuwa da Mint yana ɗaukar hoton tsarin gaba ɗaya, ka mayar da shi yadda yake jiya cikin mintuna. A lura, tsarin yake adanawa, ba takardunka da hotunanka ba.

Raunin Linux yana wajen kayan aiki. Katin hoto na Nvidia yana son direban kamfanin, kuma idan Secure Boot, saitin da ke tantance abin da zai tashi yayin kunnawa, na kunne sai an yi rajistar mabuɗi yayin ɗorawa, in ba haka ba direban ba zai tashi ba. Wasu katunan Wi-Fi na Broadcom ba sa aiki sai an haɗa intanet ta wata hanya an sauko da direbansu. Na'urar karanta yatsa, da wasu kyamarorin sababbin laftof, da farkawa daga barci, duk sukan ba da wahala. Abin mamakin shi ne tsohuwar kwamfuta ta fi sabuwa dacewa da Linux, domin direbobinta sun daɗe da shiga kanel.

Kafin a ɗora wa kowace manhaja laifi, a duba ƙarfen tukuna. Kwamfutar da ke sanƙarewa ba gaira ba dalili, sau da yawa RAM ne ya lalace, ko faifai ya kusa mutuwa, ko ƙura ta toshe fanka zafi ya yi yawa. A bar Memtest86+ ya zagaya RAM ko da sau ɗaya cikakke, kuskure ɗaya tak ya isa hujja. A duba rahoton lafiyar faifai da CrystalDiskInfo a Windows ko smartctl a Linux, idan adadin sassan da aka sauya wa wuri yana hawa, a kwashe bayanai a ranar. Sauya babbar manhaja ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Batun tsaro kuwa, darasin da ya fi kowanne tsada shi ne na WannaCry. Ranar 12 ga Mayu 2017 wannan manhaja mai kulle bayanai don neman kuɗin fansa ta bazu a duniya ta wata kafa a tsohuwar hanyar raba fayiloli ta SMBv1, ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila. Facin kafar ya fito tun 14 ga Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora shi ba. Shi ya sa nake ɗaukar ci gaba da hawa intanet da Windows 10 marar faci a matsayin mafi munin zaɓi cikin duk zaɓuɓɓukan da ke akwai. Windows 10 da 11 suna da lambobi da yawa iri ɗaya a cikinsu, wato rubutun umarnin da aka gina su da shi, don haka duk facin da aka fitar wa 11 yana nuna wa masu kutse inda za su duba a 10.

Windows 11 da ake sabuntawa ba ta da rauni yadda ake yayatawa. Defender da ke zuwa da ita ya ishi mutum na gida, ba sai ya sayi wata manhajar kariya ba. Tun 2022 Office ya daina barin makaro, ƙaramin shirin da ake sakawa a cikin takarda, ya tashi kai tsaye daga fayil da aka sauko daga intanet, wanda ya toshe babbar hanyar shigowar cuta. Matsalar Windows ɗabi'a ce da ta ginu a kanta shekaru: a nemi manhaja a Google, a sauko da fayil daga shafin da ya fara bayyana, a danna Yes ga duk abin da ya tambaya. Manhajar sata da aka fasa wa kulle ita ce mafi muni, domin umarnin ɗora ta na farko shi ne ka kashe kariyarka da hannunka. Gyara mafi arha shi ne a buɗe asusu na biyu marar ikon gudanarwa a riƙa aikin yau da kullum da shi. Sai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: daga zubin 24H2, sabuwar ɗorawa kan kulle faifai da BitLocker da kanta idan an shiga da asusun Microsoft. Abu ne mai kyau idan an sace kwamfutar, amma ranar da aka sauya wani saiti a BIOS, wato saitin tushe na na'urar, ta nemi mabuɗin ceto, wanda ya kasa shiga asusunsa, bai kuma ajiye mabuɗin ba, ya rasa komai. A shiga asusun yau, a kwafi lambobin 48 a takarda.

Mac tana da ginin tsaro mafi tsauri cikin ukun. Gatekeeper na hana manhajar da ba ta da sa hannu tashi, sashen tsarin kuma a kulle yake da hatimi tun Big Sur ta 2020, ko mai ikon gudanarwa ba ya rubutu a kai. Duk da haka ba ma'asumiya ba ce. A Nuwamba 2017 an gano cewa a High Sierra mutum zai iya rubuta root a matsayin suna, ya bar gurbin kalmar sirri fayau, ya samu cikakken iko. Kuma tun 2023 manhajojin satar kalmomin sirri irin su Atomic Stealer suna cin masu Mac ta hanya mai sauƙi: akwatin ƙarya ya fito yana neman kalmar sirrinka, kai kuma ka rubuta.

Ƙarfin Linux a wurin mutum na gida shi ne rumbun manhajoji. Kusan komai daga wuri ɗaya ake ɗauko shi, da sa hannun masu kula da tsarin, kuma umarni ɗaya ke sabunta babbar manhajar da burauza da duk sauran. Ƙarancin masu amfani da ita a kan tebur ma ya sa masu kutse ba su cika ɓata lokaci a kanta ba, ko da yake wannan sa'a ce, ba gini ba. Masu cewa buɗaɗɗen lamba, wato manhajar da kowa ke iya karanta yadda aka rubuta ta, ba ya ɓoye mugunta su tuna da xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin Linux. A ƙarshen Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da ƙima, ya bi diddigi, ya tarar da ƙofar baya da wani ya shafe shekaru yana neman amincewa kafin ya dasa ta a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. An kama ta kafin ta isa Debian da Ubuntu masu dogon wa'adi, wanda hujja ce babba ga zaɓen tsarin da ba ya gaggawar karɓar sabon abu. Akwai kuma raunin da ba a cika ambata ba: kulle faifai da LUKS zaɓi ne da sai ka danna shi yayin ɗorawa, kuma a tsohon tsarin nuni na X11 kowace manhaja da ke buɗe za ta iya karanta abin da kake bugawa a wata. Wayland, sabon tsarin nuni, ya gyara wannan, amma ba kowane tebur, wato fuskar da ake gani a allo, ne ya gama komawa kansa ba.

Akwai yaudarar da ba ta bambance tsakaninsu. Shafi ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ko ya ce burauzarka na da matsala, sai ya ba ka umarni ka manna a akwatin Run na Windows ko a Terminal. Duk wanda ya manna umarnin da bai fahimta ba ya buɗe ƙofa da kansa, ko wace manhaja yake kai.

Sauƙin amfani shi ne inda ake yawan faɗin son rai, domin kowa abin da hannunsa ya saba yake kira mai sauƙi. Teburin Cinnamon na Mint, wanda ya san Windows 7 zai gane shi a rana ɗaya. Mac tana da tsabta da daidaito, sai dai ba ta rubutu a faifan NTFS, wato tsarin faifai na Windows, don haka filashin da zai yi yawo tsakanin ukun a tsara shi da exFAT. Windows 11 kuma ta ƙara wa kanta nauyi da tilasta asusun Microsoft yayin ɗorawa da tallace-tallacen hajojinta a cikin tsarin, abin da nake ganin bai dace da manhajar da aka biya kuɗinta ba.

Ainihin ma'aunin shi ne manhajojin da ba ka iya rabuwa da su. Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office na tebur ba sa gudana a Linux kai tsaye. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, amma fayil mai makaro ko tsari mai sarƙaƙiya yakan karkace, sau da yawa don kawai babu salon haruffan Calibri da Cambria, kuma ɗora Carlito da Caladea masu faɗi iri ɗaya na rage wannan sosai. Wasannin Windows da yawa suna gudana a Linux ta manhajar Proton da kamfanin Valve ya fitar a 2018, ban da waɗanda ke da manhajar hana maguɗi mai shiga cibiya. Akanta ko mai zanen gini da abincinsa ke rataye da manhajar Windows, ya zauna a Windows 11, ya sayi na'urar da take karɓa. Ban ga hikimar tilasta ɗora ta a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, tunda Microsoft ya ce bai lamunce wa irinta sabuntawa ba.

Ga sauran, hanyar a buɗe take kuma gwajinta kyauta ne. A fara da kwafe duk bayanai zuwa faifai na waje, a buɗe wasu fayiloli daga can a tabbatar sun kwafu. A sauko da Linux Mint daga shafinta, a gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin, wadda ke tabbatar da ingancinsa, da wadda aka wallafa a shafin, a rubuta shi a filashi mai gigabayit 8 da Rufus ko balenaEtcher. A kunna kwamfutar daga filashin, yawanci da F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP. Tsarin zai tashi ba tare da ya taɓa faifanka ba. A nan ne za a gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta da Bluetooth, a rufe murfin a buɗe a ga ko ta farka, a kuma buɗe takardun aiki na gaske, ba na gwaji ba. Idan mai ɗorawar bai ga faifan ba, galibi saitin Intel RST ne a BIOS, sai a mayar da shi AHCI, amma a sani Windows da ke ciki na iya ƙin tashi bayan wannan sauyi in ba a shirya ta ba.

Wanda ke son riƙe duka biyun a kwamfuta ɗaya ya kashe Fast Startup a Windows, domin yana barin faifan a rabin rufe, Linux ta ƙi rubutu a kai. Zai kuma ga agogo na sauyawa duk lokacin da ya koma ɗayar, saboda Linux na ajiye lokacin UTC a agogon na'ura, Windows kuma lokacin gari, umarnin timedatectl ɗaya ke daidaita su. Idan manhaja ɗaya ce tak ta Windows ta rage masa, kamar ta wata tsohuwar na'urar awo, ya fi aminci ya bar mata Windows 10 a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata babbar manhaja a cikin Linux ɗin, ya cire mata hanyar intanet, ya riƙa miƙa mata fayiloli ta babban fayil na haɗin gwiwa. Kwamfutar 2016 da aka sa wa SSD da RAM gigabayit 8 za ta ɗauki wannan tsari, kuma Mint 22, wadda aka gina kan Ubuntu 24.04, tana da facin tsaro har zuwa 2029.